Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dattawa da Attajiran Hausawan Gabashin Sudan Kan Maganar Digirin Digirgir

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu umdoji da shaihunan unguwanni, malamanmu limamai, alhazanmu 'yan kasuwa da manyan manoma na Gadarif da Kasala da Sinnar da Damazin, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Muna gaishe ku gaisuwar 'ya'ya ga iyaye, muna kuma yi muku shaida a kan ɗawainiyar da kuka ɗauka tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum. Mun ga yadda kuka buɗe gidajenku da rumbunanku ga mutanen da suka iso da kayan jikinsu kawai, ba ku tambayi ƙabilar kowa ba. Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Ni ɗanku ne, haifaffen Gadarif, malamin jami'a a fannin aikin gona, kuma ɗaya daga cikin masu neman digirin digirgir da yaƙi ya katse wa karatu. Ina magana ne da yawun 'yan'uwana maza da mata, 'ya'yan wannan al'umma, waɗanda suka yi rajistar karatun a jami'o'in Khartum da Umdurman da Madani, a yau kuma suke warwatse tsakanin garuruwanku da Bur Sudan da Masar. Mun zaɓi mu rubuto a fili ne saboda shawarar da ta sa muka ɗauki alƙalami a fili aka yanke ta.

A zaman da aka yi bayan girbi, an amince a ɗebi kaso mai tsoka daga asusun ilimi na al'umma domin shirya walimar taya wasu manyanmu murnar digirin girmamawa da wata cibiya ta ƙasar waje ta miƙa musu a zauren wani otal, aka kuma ce daga yanzu a riƙa rubuta musu Dakta a duk takardun ƙungiya da katunan gayyata. A wannan zama ne dai aka ɗage takardar neman taimako da ɗaliban bincike suka shigar, ba tare da an sa mata rana ba. Waɗanda aka karrama mutanen kirki ne, a cikinsu akwai wanda ya gina masallaci, akwai wanda tukunyarsa ba ta sauka daga wuta ba tun zuwan 'yan gudun hijira, kuma babu ɗayanmu da yake ƙyashin a girmama su. Damuwarmu tana kan sunan da aka zaɓa a girmama su da shi, da kuma asusun da aka taɓa.

Ranku ya daɗe, abu na farko shi ne ma'anar digirin kansa. Digirin digirgir shaida ce da malaman wani fanni suke bayarwa cewa wane ya ɗauki tambaya guda wadda ba a riga an amsa ta ba, ya bi ta da hujja har ya kai ga amsar da za ta iya tsayawa a gaban masu suka. Kafin mutum ya isa ƙofarsa sai ya gama digirin farko da na biyu, wato majistir. Daga nan zai rubuta tsarin bincikensa ya kai wa majalisar sashe, wadda sau da yawa takan mayar masa da shi ya sake. Za a naɗa masa mushrifi, wato malamin da zai duba aikinsa, wanda zai riƙa bin kowane babi da jan biro, sannan ya shafe shekara uku ko fiye tsakanin ɗakin karatu da ɗakin gwaji, ko gona, ko ƙauyukan da yake tattara bayanai. Jami'o'i da dama ba sa barin ɗalibi ya kai ƙarshe sai ya buga wani yanki na aikinsa a mujallar ilimi, inda masanan da bai san su ba, su ma ba su san shi ba, za su tsefe shi. Bayan duk wannan sai ranar munaƙasha, wato ranar kare kundi, wadda ake yi a bainar jama'a, a gaban mai jarrabawa na cikin gida da wani da aka gayyato daga wata jami'a, iyayen ɗalibi da iyalinsa suna zaune a kujerun baya suna sauraro ana tone kurakuransa shafi bayan shafi. Kwamitin yana da ikon ya ce a je a gyara, yana kuma da ikon ya ce aikin bai isa ba. Kasancewar mutum yana iya faɗuwa shi ne ya ba takardar daraja.

Ku da kuka tashi a karatun allo da na zaure kun riga mu sanin wannan ƙa'ida. Ba a kiran mutum alaramma don ya gina tsangaya ya ciyar da almajiranta, komai girman ladansa, sai ya haddace ya kuma rubuta da ka, gwanaye sun duba sun sa hannu. Malam ba ya ba da ijaza sai an karanta littafin a gabansa, shi ya sa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta sunayen malaman da ya ɗauki karatu a wajensu da abin da ya karanta a gaban kowane, domin duk mai son bin sawun iliminsa ya samu hanya.

Digirin girmamawa kuwa kyauta ce. Jami'o'i na gaskiya suna bayar da shi ga wanda ya yi wa jama'a hidima, babu aibi a cikin haka, amma al'adar jami'o'i ita ce mai shi ya ambata cewa na girmamawa ne, kuma ba ya koyarwa da shi, ba ya duba aikin ɗalibi da shi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne cibiyoyin da ba su da aji ko ɗalibi ko ɗakin karatu, sai hatimi da rigar biki da kuɗin rajista. Mun nemi sunan cibiyar da ta karrama iyayenmu a cikin jami'o'in da hukumomin ilimi suka amince da su, ba mu same shi ba, kuma muna kyautata zaton su ma iyayen namu ba a faɗa musu haka ba. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun riga mu ɗanɗana wannan. Tun a 2012 shugabannin jami'o'insu suka taru a Keffi suka gindaya sharuɗɗa kan bayar da digirin girmamawa saboda ya fara zama haja, sannan a Janairun 2024 gwamnatinsu ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano a cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. Waɗanda suka fi shan wahala a lokacin su ne ɗaliban da suka yi karatu na gaskiya a waɗannan ƙasashe, domin an haɗa su da masu saye an yi musu kuɗin goro. Haka zai faru da mu. Ranar da mutanen gari suka gane cewa a cikin Hausawa ana samun Dakta da kuɗi, kowane ɗanku da ya sha wahalar shekaru sai an dube shi da alamar tambaya. Yaranmu na sakandare kuma, waɗanda suka jira jarrabawar shahada ta kammala sakandare tun 2023 ba su samu zama ba sai a ƙarshen Disambar 2024, suna kallo, kuma suna koyon wace hanya ce al'ummarsu take yi wa guɗa.

Abu na biyu shi ne halin da masu karatun suke ciki, wanda muke zaton da an bayyana muku shi dalla-dalla da ba a ɗage takardarmu ba. Yaƙin nan ya auka wa wuraren da bincike yake rayuwa a cikinsu. Ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone tun a watannin farko. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa. Cibiyar binciken madura, cutar da ke kumbura ƙafa, da ke Soba, wadda aka kafa a 1991 kuma duniya take zuwa koyo a cikinta, ta lalace. Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, Jami'ar Jazira da hukumar binciken aikin gona da rumbunta na adana irin shuka duk sun shiga hannun ɓarna. An dawo da Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a Maris, amma dawowar gari ba ta dawo da abin da ya ƙone ba.

Ga ɗalibin bincike, asarar takan zo ta fuskar da wanda ba ya cikin harkar ba zai lura da ita ba. Akwai 'yar'uwarmu da ta yi shekaru tana bin ƙauyukan bakin kogin Rahad tana ɗibar jinin yara masu fama da kalazar, zazzaɓin da ke kumbura saifa, da izinin iyayensu, tana lakafta wa kowace kwalba lamba, tana kaiwa Khartum a cikin ƙanƙara. Da wuta ta ɗauke a makon farko na yaƙi, na'urar sanyin ta mutu, aikin gaba ɗaya ya narke a ɗakin da ba wanda ya isa ya shiga. Littafinta na lambobi yana nan a jakarta, kowace lamba da sunan ƙauye da shekarun yaro, amma babu abin da za ta auna. A yau tana koyar da yara a wata makaranta da aka mayar matsugunin 'yan gudun hijira, kuma abin da take nema shi ne kuɗin mota da na kayan gwaji domin ta sake farawa. Ni kaina gwajin da nake yi a kan ƙuduji a gonakin dawa ya tsaya, domin kwamfutar da ke ɗauke da ma'aunin damunan da na riga na yi an karɓe ta a wani shinge a hanya. Gwajin gona ba ya karɓuwa da damina ɗaya, saboda ruwan shekara guda yana iya ruɗin mai bincike, don haka babu makawa sai na koma na sake shuka na jira sama. Wani abokinmu mai nazarin shari'a, lokacin da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, a tsugune yake gyara babinsa a kan wayar hannu a ƙofar mai sayar da intanet na Starlink, yana biyan kuɗin awa, domin ya aika wa mushrifinsa da ya koma Alƙahira.

A kan wannan sai a ɗora tsadar rayuwa. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600, a cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwa, albashin malamin jami'a kuwa ya yi watanni yana zuwa rabi ko ba ya zuwa. Kuɗin sabunta rajista, da kuɗin buga maƙala, da kuɗin tafiya inda jami'a ta koma da zama domin a yi munaƙasha, duk suna nan suna jira, kuma wa'adin rajista yana tafiya. Wasu daga cikinmu abin da ya rage musu bai wuce babi ɗaya da kuɗin ɗaure kundi ba. Abin da za a kashe a rumfuna da raguna da lasifika na yini ɗaya zai iya kai da yawansu gaban kwamiti.

Abu na uku shi ne wanda ya fi nauyi a zuciyata, iyayena, domin ya shafi zamanmu a ƙasar nan. Kakanninmu sun shigo ta hanyar hajji ɗaruruwan shekaru, ta Darfur da Kurdufan zuwa Sawakin, wasu suka wuce, wasu suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin Nilul Azraƙ, inda garin Maiwurno yake a yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannayen iyayenmu suna cikin waɗanda suka tsinci audugar da ta riƙe tattalin arzikin ƙasar, kamar yadda suke cikin waɗanda suka yanke dawa da riɗin Gadarif. Duk da haka, dokar zama ɗan ƙasa ta farko ta gindaya cewa sai kakannin mutum sun kasance a nan tun ƙarshen 1897, kuma kun san yawan gidajen da wannan sharaɗi ya wahalar, kun san yawan tambayoyin da ake yi wa ɗanku idan ya je neman takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa. Kuna tune da Oktoban 2008, lokacin da wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasa na wancan lokaci maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, aka musanta daga baya, amma an riga an rasa rayuka a titunan Gadarif. Kuna tune da Yulin 2022 a Rusairis da Damazin, da Oktoban shekarar a Wad al-Mahi, inda ɗaruruwan mutane suka mutu a rikicin da tushensa ƙasa ce da sarauta. Allah ya jiƙan duk waɗanda suka rasu, namu da na maƙwabtanmu.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, bayan an binne mamata an zauna teburin sulhu, abin da ake tambaya shi ne hujja. Yaushe aka kafa wannan ƙauye, wa ya ba da izinin, me takardun mulkin Ingilishi suka ce, me dokar ƙasa ta tanada game da gonar da aka noma shekara tamanin ba a yi mata rajista ba? Wanda zai amsa waɗannan tambayoyi shi ne wanda ya koyi zama a Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, yana bin fayil bayan fayil, ya san yadda ake auna maganar tsoho da abin da ke rubuce, ya kuma san cewa idan ya ƙara gishiri masanin ɗaya ɓangaren zai kama shi. Wannan horo shi ne ainihin abin da digirin digirgir yake koyarwa. Mafi yawan abin da aka rubuta a kanmu wasu ne suka rubuta, muna gode musu, amma tsofaffin da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa, kuma har yanzu ba mu tura isassun 'ya'yanmu su zauna a gabansu da na'urar ɗaukar magana ba.

Haka abin yake a lafiya da noma. Jihar Gadarif tana cikin wuraren da kalazar ya fi yin ɓarna a duniya, ƙudan da ke yaɗa shi yana zaune ne a baƙar laka mai tsagewa da dazukan talha da aduwa, wato daidai inda ƙauyukanmu da gonakinmu suke, maganinsa kuma allurai ne na kwana 17 waɗanda talaka yake barin gonarsa ya yi jinya dominsu. Ƙuduji, wanda maƙwabtanmu suke kira buda, tsiro ɗaya nasa yana zubar da dubban ƙwayoyin iri da za su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar dawa, kuma kafin manomi ya ga furensa ya riga ya tsotse amfanin tun a ƙarƙashin ƙasa. Alhazanmu masu manyan gonaki sun san buhu nawa yake ci musu kowace shekara. Ɗan da ya tashi a waɗannan ƙauyuka, yana jin harshen mutanensu, uwaye suna yarda su faɗa masa gaskiyar abin da suke ba yaro kafin a kai shi asibiti, yana da abin da baƙon masani ba shi da shi.

Ba muna cewa duk mai riƙe da wannan digiri ya cika alƙawarinsa ba. Akwai waɗanda suka karɓa suka rufe littafi daga ranar, akwai masu amfani da sunan su yi magana a fannin da ba nasu ba, har ka ga masanin ƙasar noma yana ba da fatawa, ko masanin nahawu yana rubuta magani. Digirin shaida ce a kan fage ƙunƙuntacce, kuma mai shi na ƙwarai shi ne wanda ya fi kowa saurin faɗin inda saninsa ya tsaya. Kuna da haƙƙin ku tambayi kowane Dakta a cikinmu a kan me ya yi bincike, wa ya duba shi, ina kundin yake, me kuma ya amfana wa jama'a. Wanda ya yi karatun da gaske zai yi murna da wannan tambaya.

Saboda haka muke roƙonku, cikin ladabi, ku sake duba shawarar da aka yanke. Muna roƙon a bar asusun ilimi ga ilimi, idan kuma za a yi walima, masu hali su ɗauki nauyinta daga aljihunsu, mu ma za mu zo mu yi hidima mu ɗauki tabarmi. Muna roƙon a karrama waɗannan iyaye da sunan aikin da suka yi, a sanya sunayensu a kan makaranta ko rijiya ko ɗakin karatu, ko a naɗa su sarautar da al'adarmu ta tanada wa masu hidima, a kuma daina rubuta Dakta a takardun ƙungiya sai ga likita ko wanda ya kare kundinsa a jami'ar da aka amince da ita. Wanda jami'a ta gaskiya ta ba digirin girmamawa, a rubuta a fili cewa na girmamawa ne. Kafin wani babba ya sake amsa gayyatar irin waɗannan cibiyoyi, a ba mu sunan mu bincika masa, ba za mu karɓi ko sisi ba.

Game da ɗalibai, muna roƙon a kafa ƙaramin kwamiti na malaman jami'a da dattawa biyu ko uku da kowa ya yarda da amanarsu, ya karɓi takardar rajistar kowane ɗalibi da wasiƙar mushrifinsa, a fara da waɗanda suka fi kusa da gamawa, a kuma biya kuɗin kai tsaye ga jami'a ta manhajar banki ta Bankak domin kada zargi ya shiga. A ware wa mata kasonsu tun farko, domin su ne suka fi saurin ajiye karatu idan gida ya shiga matsi. Alhazan da suke da gonaki su ba masu binciken noma 'yan kadada na gwaji da taraktar yini ɗaya, masu motocin haya su ɗauki masu zuwa ƙauyuka, wanda yake da ɗaki mai wutar sola ya buɗe shi ga masu rubutu. A madadin haka, duk wanda aka taimaka wa ya sa hannu cewa zai ajiye kwafin kundinsa a wajen al'umma, zai tsaya a gabanku ya bayyana abin da ya gano da Hausa yadda manomi da uwar gida za su fahimta, zai kuma koyar da yaranmu masu shirin jarrabawar shahada kyauta na tsawon lokacin da kuka yanke.

Muna roƙon a sanya takardarmu a farkon ajandar zama mai zuwa, a kuma ba wakilanmu izinin shiga su yi bayani da bakinsu, su zo da takardun rajista da wasiƙun malamansu. Masu gwajin gona a cikinmu suna bukatar amsa kafin ruwan farko ya sauka a watan Yuni, domin idan shuka ta wuce su sai wata shekarar.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara muku girma da lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗanku,
a madadin 'ya'yanku masu neman digirin digirgir,
Gadarif.